Hawa da Gangara: Karkatar Miƙaƙƙen Layi a Bakin Mutanen Mairuwa

Gabatarwa

An daɗe ana yi wa ɗaliban Sashen Hausa ba'a a jami'a, wai mu ne 'yan gudun hijirar lissafi, waɗanda suka hangi alƙaluma suka ranta a na kare, suka zo suka fake a gindin waƙa da karin magana. Mu ma mukan yi dariya mu amsa, har wani lokaci mu ƙara wa ba'ar gishiri. Amma a ƙarƙashin wannan raha akwai wata magana mai nauyi wadda ba a cika fitowa fili a faɗa ba, watau zaton da ake yi cewa harshen Hausa ba ya iya ɗaukar lissafi mai zurfi, iyakarsa ƙirge da ciniki, da zarar an kai ga x da y sai a ajiye shi a ɗauki Turanci. Manufata a wannan ɗan rubutu ita ce in gwada wannan zato a kan darasi guda ɗaya tak, shi ne yadda ake fitar da karkatar miƙaƙƙen layi daga jimlar lissafinsa. Na zaɓi darasin ne domin yana cikin waɗanda yaran sakandare suke haddacewa ba tare da sun fahimta ba, sa'an nan kuma na taɓa karantar da shi da Hausa zalla a garinmu, Mairuwa, na ga abin da ya haifar.

Ƙasar Hawa da Gangara

Mairuwa tana cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, a kudancin Jihar Katsina, a bakin hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta nufi Gusau. Ƙasa ce ta noma, mai albarkar masara da dawa da auduga da waken suya, ga kuma madatsar ruwa da aka gina kusa da garin domin ba Funtuwa ruwan sha, wadda masunta da masu noman rani suke cin moriyarta. Yankin namu, da shi da maƙwabtansa na Ƙanƙara da Sabuwa, ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma ƙasarsa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, akwai tudu akwai kwari, ga duwatsu jefi-jefi. Duk inda ruwa ya yi yawa, ƙasa kuma ta yi hawa da gangara, tilas ne mutanen wurin su san inda ruwa zai nufa tun bai sauko ba, in ba haka ba kuwa su yi hasarar gona ko ta ɗaki.

Saboda haka manomin da gonarsa take jikin tudu ba ya huɗa ta yadda kunyoyi za su bi gangara, sai dai ya gitta su, domin ya san in suka bi ta, ruwan watan Agusta zai mai da kwarin kunya hanya, ya kwashe taki da ƙasa ya kai rafi. Mai lambu kuwa so yake ruwa ya bi hanyar da ya gyara masa har ya isa fangali na ƙarshe, amma cikin natsuwa, kada ya kwanta a tsaka, kada kuma ya yi gudun da zai ɓalle. Shi ma direban da ya ɗauko lodin masara, tun daga nesa yake auna hawa da ido ya san giyar da zai saka.

Wanda ya fi kowa bayyana mini abin nan shi ne wani dattijo magini da ya yi mana rufin soro ina yaro. Na ga yana daddaɓe ƙasa a bisa azara, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, sai na ce, "Baba, ta yaya ake sanin iyakar yadda za a karkata rufin?" Ya ce, "Yaro, a kowane kamu ka sauke yatsa ɗaya, har ka kai bakin indararo. In ka gaza haka ruwa ya kwanta ya huda soro, in ka zarce kuma ya yi gudu ya tafi da yaɓe."

Abin lura a maganar dattijon nan shi ne, bai ce mini a sauke yatsa kaza ya yi shiru ba. Lambobi biyu ya ɗaure wuri guda: yatsa ɗaya na sauka, kamu ɗaya na tafiya gaba. Da wannan ma'auni zai iya rufa ƙaramin ɗaki, zai iya rufa babban zaure, ba tare da ya sake komai ba. To, abin da masu lissafi suke nufi da karkata ke nan, ba ƙari ba ragi: nawa aka hau ko aka sauka, bisa nawa aka yi gaba. In muka ƙaddara kamu ɗaya yatsu 24 ne, karkatar rufin Baba ita ce 1 bisa 24. Kuma ana ce wa layi miƙaƙƙe ne domin wannan ma'auni nasa ba ya sakewa, ko a farkonsa aka auna ko a tsakiyarsa ko a ƙarshensa.

Har ƙasar da muke takawa tana da irin nata ma'aunin. Kogin Sakkwato daga kusa da Funtuwa ya taso, ya bi ta Gusau ya gangara yamma maso arewa. Funtuwa tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 700 sama da teku, birnin Sakkwato kuwa bai kai mita 300 ba, tsakaninsu kuma a miƙe kimanin kilomita 275 ne. In aka raba saukar da nisan, za a ga a kowace kilomita ƙasa tana sauka kusan mita ɗaya da rabi. Ido ba ya ganin wannan gangara, matafiyi ma ba ya jin ta a ƙafarsa, amma ita ce take ɗaukar ruwan da ya zuba a yankinmu ta kai shi har Kwara.

Jimlar Daidaito da Abin da Take Faɗa

Idan mai lissafi zai zana layi, sai ya ɗauki takarda mai gida-gida ya ja layuka biyu da suka gitta juna, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Na kwance shi ake ƙirga tafiya gaba a kansa, a kira ta x, na tsaye kuma shi ake ƙirga hawa a kansa, a kira shi y. Al'ada ita ce a bi layin da ido daga hagu zuwa dama, kamar yadda ake karatun boko. Kowane miƙaƙƙen layi a kan takardar nan yana da wata magana da take bayyana shi, wadda ni na ga ya dace a kira ta jimlar daidaito. Dalili kuwa, ɗalibin nahawu zai shaida cewa jimla ce sosai: tana da abin da ake magana a kansa a hagu, da abin da aka faɗa game da shi a dama, alamar daidaito kuma tana tsakiya tana aikin da "ne" ko "ce" suke yi a Hausa.

Mafi sauƙin sigar wannan jimla ita ce:

y = mx + c

Harafin c shi ne mafari, watau inda y yake tun ba a yi gaba ko taku ɗaya ba. Harafin m kuwa shi ne karkata. Hujjar haka a fili take: duk sa'ad da x ya ƙaru da ɗaya, c yana nan inda yake bai motsa ba, amma mx ya ƙaru da m, saboda haka y ma ya ƙaru da m.

Alal misali, manomi yana da dami 5 na dawa a rumbu, ragowar bara, sa'an nan da kaka ta yi kullum yana kawo dami 3 daga gona. In x ne yawan kwanaki, y ne yawan dammunan da ke rumbu, jimlarsa ita ce y = 3x + 5. Mafarinsa 5, karkatarsa 3, layin kuma hawa yake yi. Shi kuwa rufin Baba, in faɗin ɗakin kamu 8 ne, aka ƙirga x da kamu, aka ƙirga y da yatsa sama da bakin indararo, jimlarsa ita ce y = -x + 8. Karkatarsa -1 ce, alamar ɗebewar nan kuwa ita ce take shaida mana cewa gangara ake yi. Haka nan za a iya kwatanta saukar ƙasa daga Funtuwa zuwa Sakkwato da y = -1.5x + 700, in an ƙirga x da kilomita, y da mita, ko da yake ita ƙasa ba ta miƙe sak kamar layin takarda ba.

Ruwa na Ƙasa

Da a ce kowace jimla a wannan siga take zuwa, da darasin bai kai a yi rubutu a kansa ba. Wahalar tana farawa ne inda jimla ta zo a wata kama, karkatar ta ɓuya a cikinta. A nan ne zan kawo abin da na gani da idona.

A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai fiye da 300 zuwa daji. Allah ya kuɓutar da su bayan kwana shida, amma gwamnati ta rufe makarantun kwana na jihar, kuma tsoro ya daɗe bai bar zukatan iyaye ba a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ƙannena suka dawo gida suka zauna, jarrabawa tana matsowa, littattafai suna cikin akwati. Mahaifinmu ya ce tun da na gama sakandare ina jiran shiga jami'a, in riƙa tara su a zaure bayan la'asar muna bita. Da maƙwabta suka ji, su ma suka turo nasu, har muka kai mu goma sha wani abu, maza da mata.

Ran da muka kai ga wannan darasi, na rubuta y = 3x + 5 a allo, na tambayi karkata, duk suka amsa baki ɗaya, suka ce 3. Sai na goge na rubuta 2x + 3y = 12. Mafi yawansu suka ce 2, saura suka yi shiru. Waɗanda suka ce 2 ba su yi ganganci ba, abin da suka haddace ke nan, cewa lambar da take manne da x ita ce amsa. Sun riƙe lafazin ƙa'ida da Turanci, amma ma'anarta ba ta sauka a zuciyarsu ba, saboda haka da jimlar ta sake riga sai suka kasa gane ta.

Sai na ajiye alli na ce mu tafi kasuwa da baki. Mu ƙaddara Inna ta ba ɗayanku naira 1,200 ya sayo masara da wake, mudun masara naira 200, mudun wake naira 300, kuma kada ya dawo da canji. In wake zalla ya saya, mudu nawa zai samu? Suka ce 4. In masara zalla fa? Suka ce 6. In ya sayi masara mudu 3? Suka ce saura naira 600, wake mudu 2 ke nan. Wata yarinya 'yar maƙwabtanmu, wadda ta saba da awo domin mahaifiyarta tana sayar da hatsi a gida, sai ta ce, "Yaya, ai abin a bayyane yake. Duk masara mudu 3 da ka ƙara, sai ka haƙura da wake mudu 2." Na ce mata, "To, kin faɗi karkatar layin nan, saura mu rubuta."

Domin kuwa in x ne mudun masara, y ne mudun wake, aka ƙirga kuɗin da ɗari-ɗari, cinikin nan shi ne 2x + 3y = 12 daidai wa daida. An yi gaba 3, an sauka 2, karkata ta zama -2/3, watau gangara ta 2 bisa 3. Abin da ya rage shi ne a nuna musu yadda za su tono wannan amsa daga jimlar kanta, ko babu labarin kasuwa. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Hanyar tonon kuwa guda ce: a ware y shi kaɗai a hagu. Na kwatanta musu jimlar da sikeli mai hannu biyu, wanda duk abin da aka yi wa hannu ɗaya tilas a yi wa ɗayan, in ana so ya zauna daidai. Da farko a ɗebe 2x daga kowane hannu:

3y = -2x + 12

Sa'an nan a raba kowane hannu gida 3, kuma rabon ya shafi kowa da kowa da ke cikin hannun, kada a tsallake ko ɗaya:

y = -(2/3)x + 4

Ga karkata ta fito, -2/3, kamar yadda yarinyar ta faɗa, ga kuma mafari, 4, watau waken da za a samu in ba a sayi masara ba. Na sake ba su wata, 4y - 8x = 20. Suka ƙara 8x a kowane hannu, ta zama 4y = 8x + 20, suka raba gida 4, ta zama y = 2x + 5, suka ce karkata 2 ce, kuma hawa ne. Daga nan su da kansu suka lura cewa duk jimlar da ta zo a sigar Ax + By = C, karkatarta ita ce -A/B. Na fi son da suka gano ta da hannunsu, domin ƙa'idar da yaro ya haifa da kansa ko ya manta ta yana iya sake haifar ta.

Akwai abubuwa uku da suka biyo baya waɗanda suka ƙara wa darasin armashi. Na farko, na ce to in Inna ta ƙara kuɗin ya zama naira 1,800 fa? Jimla ta zama 2x + 3y = 18, mafari ya tashi daga 4 zuwa 6, amma karkata tana nan a -2/3. Layukan biyu za su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su haɗu ba, kamar ƙarafan dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda. Yawan kuɗi mafari yake sakewa, farashi ne yake sake karkata. Na biyu, in babu x a jimla sam, kamar y = 4, layin a kwance yake kamar fuskar ruwan madatsa da asuba, ana ta gaba ba hawa ba sauka, karkatarsa sifiri. Na uku, in y ne babu, kamar x = 6, layin a tsaye yake kamar igiyar guga a rijiya, ana ta hawa ba a yi gaba ko taku ɗaya ba. A nan ba a iya faɗin karkata, domin sai an raba da sifiri, shi kuwa rabo gida sifiri ba ya yiwuwa.

Wace Kalma Ta Fi Dacewa?

Mai karatu zai ga tun daga farko ina ta cewa karkata, alhali kalmar da ta fi saurin zuwa baki ita ce gangara. Ina da dalili, kuma a nan ne aikin ya zama namu na Sashen Hausa. Ita gangara fuska ɗaya take kallo, ƙasa. In malami ya ce wa yaro gangarar layin nan 3 ce, alhali layin sama yake yi, ya saka harshen yaron da idonsa rigima. Haka nan hawa, shi ma fuska ɗaya yake kallo. Ana iya haɗa su a ce hawa-da-gangara, bisa al'adar Hausa ta gwama kishiyoyi, kamar shige da fice, ko saye da sayarwa, sai dai sunan ya yi tsawo ga abin da za a ambata sau ashirin a darasi guda. Karkata kuwa ba ta zaɓi fuska ba, abu yana karkata ta nan, yana karkata ta can. Saboda haka shawarata ita ce a bar karkata ta zama sunan ma'aunin, hawa ya zama sunanta in tana da alamar tarawa, gangara kuma in tana da alamar ɗebewa. Ta haka yaron Bahaushe zai sami kalmomi uku da ya sani tun yana goye, a inda littafinsa ya ba shi baƙuwar kalma ɗaya da alamomi biyu.

Amma ita ma karkata tana da nata tarkon, wanda ya kamata malami ya sani. A bakin magini, daɓen da ya kwanta sumul bai karkata ba, bangon da ya tsaya cak shi ma bai karkata ba, domin daɓe daga kwance ake auna shi, bango kuwa daga tsaye. A lissafi kullum daga kwance ake awo. Don haka bai kamata a ce wa yaro layin kwance da layin tsaye duk ba su da karkata ba. Sai a ce na kwance karkatarsa sifiri ce, na tsaye kuwa karkatarsa ba ta ƙirguwa. Irin wannan bambanci ba ya fitowa ga wanda ya zauna da ƙamus yana musanya kalma da kalma, sai ga wanda ya san lissafin ya kuma san yadda masu harshen suke sarrafa kalmar.

Abin da Tarihi Ya Nuna

Wanda yake ganin aljabara ba ta zama sai cikin Turanci, ya kamata ya waiwayi asalinta. Sunan ma daga littafin Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya fito, wanda ya rubuta da Larabci a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun. Babu x babu y a littafin, duk da jimlolin magana ya yi bayaninsa. Kalmar jabru kuwa a Larabci tana ɗauke da ma'anar ɗori, irin wanda ake yi wa karyayyen ƙashi, domin in an ɗebe wani abu a hannu ɗaya na jimla, sai a mayar da shi a cike giɓin. Abin da yaran zaurenmu suka yi ke nan sa'ad da suka ƙara 8x a kowane hannu, da na gaya musu ɗori suka yi kuwa sai suka fashe da dariya, kuma sunan ya zauna. Alamar daidaito ta samu ne a 1557, a littafin da Robert Recorde ya rubuta da Turanci a zamanin da Latin ne harshen malanta a Turai, kuma ita kanta alamar layuka biyu ne masu karkata ɗaya. Shi ma Rene Descartes, wanda ya ƙulla aure tsakanin aljabara da zanen layi a 1637, da Faransanci ya rubuta nasa. A nan gida kuma muna da Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya yi rubutu da Larabci a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ilmin nan ya sha sauya harshe, kuma duk inda ya sauka masu harshen ne suka yi masa shimfiɗa.

A Nijeriya ma an gwada. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka karantar da wasu yara darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, lissafi da kimiyya duk a ciki, yaran kuma ba su gaza takwarorinsu da aka karantar da Turanci ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara karatun firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. A 1987 aka buga jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, har da Hausa. A 1990 kuma Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi ya fito, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya tattara kalmomin nazarin harshe da adabi. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a yi shekara shidan firamare da harshen uwa, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan manufa, aka koma Turanci tun daga ajin farko.

Ba ni da ikon sake manufar gwamnati, kuma ban ce a raba yaro da Turanci ba, tun da da shi zai rubuta jarrabawa. Amma kowa ya san abin da yake faruwa a ajin ƙauye: malami yakan karanta da Turanci, in ya ga idanun yara sun yi fari sai ya juya Hausa. Tun da juyawar nan ba ta da makawa, gara ya tarar da kalmomi tsayayyu suna jiransa, maimakon kowane malami ya ƙagi nasa a tsaye, yau gangara gobe tudu. Kalmomin aikatau da bayanau da wakilin suna da muke ta amfani da su a nahawu kamar da su aka haife mu, malamanmu na farko ne suka zauna suka tsara su. Abin da aka yi wa nahawu ana iya yi wa lissafin sakandare.

Kammalawa

Zan rufe da lissafi ɗaya. A ɗauki layuka biyu, y = x + 20 da y = 3x + 2. Na farko ya fara daga 20, na biyu daga 2, wanda ya dube su a mafari zai ce ba su da haɗi. Amma na biyu ya fi karkata, saboda haka da x ya kai 9 sai su haɗu a 29, daga nan kuma na biyu ya wuce ba waiwaye. Yaran Mairuwa da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa mafarinsu ƙasa yake, ga ƙarancin malamai, ga watannin karatu da rashin tsaro ya cinye. Mafari ya riga ya wuce, ba mai iya sake shi. Abin da yake hannunmu shi ne abin da yaro zai ƙaru da shi a kowace rana ta karatu, kuma na ga yadda wannan yake ƙaruwa in an yi masa magana da harshen da yake tunani da shi.

Saboda haka ina roƙon malamanmu, Allah ya ƙara musu daraja, da su duba yiwuwar ba wasu daga cikinmu irin wannan aiki a kundin kammala digiri, tare da haɗa hannu da Sashen Lissafi da Tsangayar Ilmi. 'Yan'uwana ɗalibai kuwa, in hutu ya zo, mu ɗauki littafi da alƙalami mu zauna da magina da kafintoci da masu lambu da masu awo, mu ji yadda suke faɗin tsawo da faɗi da zurfi da karkata da rabo, mu rubuta, sa'an nan mu gwada kalmomin a gaban yara mu ga wadda ta kama. Wanda yake da kalmar da ta fi karkata dacewa, shafukan mujallar nan a buɗe suke, ya kawo ta da hujjarsa mu ƙaru baki ɗaya. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, ya sa mu amfani na bayanmu da abin da muka koya, amin.